Ranar da Ji Ya Kori Gani

Tun da na fara rubuta muku wannan tarihi nake kewaye-kewaye don kada in iso wannan babi, to yau ga shi na iso. Kowace sallah in kun taru a gidan nan, da zarar an kwashe kwanuka an kawo shayi, sai Usman ya gyara zama ya ba 'ya'yansa labarin ranar da kakansu ya dubi ɗan jirgin ƙasa sau ɗaya tak ya gano aibin da masu ƙera shi ba su gano ba. Har yana cewa idona ya fi na shaho. Ni kuwa in sunkuyar da kai ina ta juya cokali a kofi, ku ɗauka kunyar yabo nake ji. Kunya kam ina ji, amma ta wani abu daban. Uwarku Zainabu ta san gaskiyar magana, shi ya sa da an fara labarin take tuna ta bar tukunya a wuta. A wannan rana da kuke faɗa, ko fuskar mutumin da ke zaune a gabana ba na iya rarrabewa.

Sai na koma baya kaɗan kafin ku gane. Mahaifina, Malam Sule, wanda ba ku riske shi ba, atashji ne a jirgin ƙasan Sudan, wato mai ciyar da wuta da kula da ruwan tukunya a kan jirgi mai tururi. Iyayensa sun taso daga ƙasar Hausa da niyyar hajji, guzuri ya ƙare musu a hanya, suka yada zango, zangon ya zama gari. A Atbara aka haife ni, gidanmu bai fi jifa biyu daga layin dogo ba. Mahaifina mutum ne mai ƙarancin magana, hannuwansa duk tabon ƙuna, kuma ko an wanke masa riga sau uku warin hayaƙi ba ya barinta. Amma in jirgi ya taso daga tasha yana gida, sai ya ɗaga yatsa kowa ya yi shiru, ya karkata kunne kamar mai sauraron kiran salla daga nesa. Ya ce kowane kan jirgi da Hausa yake magana, Larabawa ne ba su lura ba. Ina ɗan shekara bakwai ya zaunar da ni a kan katanga ya koya mini abin da jirgin ke faɗa.

"Saurara, Haruna. Da-ƙyar-na-sha, da-ƙyar-na-sha. Ka ji? Numfashi huɗu, ƙafa ta juya sau ɗaya. In ka ji ya ci ɗaya daga cikin huɗun nan, ba shi da lafiya, a kai shi warsha, wurin gyara."

Na yi shekara uku a warshar ina koyon aiki kafin tururi ya fara ja baya, injin dizal ya karɓe hanya. Daga nan na zo hajji, na yi irin abin da kakannina suka so yi ba su samu ba, sai dai ni ma ban koma ba. Wani dattijo mai shagon agogo a Balad, tsohuwar kasuwar Jidda, Amm Siraj, wato Baba Siraj, ya ga yadda nake riƙe ƙaramin sukurdireba ya ɗauke ni, ya zama kafilina, wato wanda takardun zamana ke hannunsa. Shekara talatin da wani abu na yi a kan benci ɗaya da madubin masu gyaran agogo manne a idona na dama. A unguwar Karantina na yi aure, a can aka haife ku duka. Da wayar hannu ta kashe kasuwar agogo, Amm Siraj kuma ya tsufa ya kwanta, sai ɗansa Majid ya karɓi shagon, kafalata ta koma hannunsa. Majid yaro ne da na goya a kafaɗa, amma kasuwanci ya karanta, kuma ba ya son abin da ba ya motsi. Ya kwashe agogunan ya cika shagon da ƙananan motoci da jiragen sama da jiragen ƙasa. Kada ku ce kayan wasan yara, don ranar da na fara faɗin haka a gabansa sai da ya yi kwana biyu yana amsa gaisuwata a daƙile. Manyan mutane masu furfura ke sayensu, su gina musu ɗaki guda da tsaunuka da gadoji, su rufe ƙofa kada jikoki su shiga.

Aikina shi ne duba kowane kan jirgi kafin ya bar shago. In buɗe kwali, in ɗora shi a kan ƙyalle, in bi shi daga fitilar gaba har ƙugiyar baya. In ƙirga kawunan ƙusoshin da ke jikin tukunya in gwada da hoton jirgin gaske. In duba ko fenti ya zuba a inda kore ya haɗu da baƙi, ko lambar da ke gefen ɗakin direba ta karkace, ko sandunan riƙewa waya ce ta gaske aka lanƙwasa ko kuwa roba aka zuba ta fito da siffa. In leƙa cikin ɗakin direban, wanda bai kai girman akwatin ashana ba, in ga ko an zana allurar agogon tururi. Na ji daɗin aikin nan fiye da yadda na taɓa nuna muku. Ina dattijo, Allah ya dawo mini da jiragen mahaifina a tafin hannu, ba zafi ba hayaƙi. Masu saye suka san ni, wasu ba sa karɓar kaya sai sun tambaya ko Amm Harun ya duba. Kaina ya ɗan kumbura, ba zan ɓoye muku ba.

A shekarar da aka rushe Karantina ne idona ya fara yana. Da farko kamar an hura wa gilashi numfashi, in goge madubi in sake gogewa, ina zagin masu yin madubin zamani. Sannu a hankali lambobi suka narke, fuskoki suka zama inuwa, fitilun titi suka yi gashi. Ban gaya wa kowa ba. Na koma aiki da yatsu: farcena ya koyi ƙirga ƙusa, fatar yatsana ta koyi bambanta sanyin tagulla da ɗumin roba, madubin kuwa ina manna shi a ido don mutane su gani. Zainabu ce ta kama ni. Tun aurenmu ni ke zura mata zare a allura, abin har ya zama wasa tsakaninmu. Wata safiya ta miƙo mini, na yi ta soka zare a iska, na ce allurar ce ba ta da kirki. Ta karɓa ta zura da kanta, ta ɗinke maɓallin rigata tsaf, sannan ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Abu Usman, wata nawa ke nan?"

Na ce, "Wata nawa da me?"

"Ni za ka yi wa haka? Shekaranjiya ka gai da buhun shinkafa a zaure, ka ce masa sannu da zuwa. Ka je ka gaya wa yaron nan Majid tun da girmanka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Na ce mata ta bari tukuna a sabunta iƙama, takardar izinin zama. Abin da ke gabana ke nan, kuma ina so ku fahimce shi da kyau kafin ku yanke mini hukunci. An riga an shafa jan fenti a bangon gidanmu, an rubuta izala, wato za a rushe. Maƙwabtanmu na shekara talatin suna ta watsewa, masu takarda suna neman haya a wasu unguwanni, marasa takarda suna ɗaure kaya. Da ƙyar muka samu ɗakuna biyu a unguwar Ruwais, shi ma don takarduna suna da rai. Saura wata biyu iƙamata ta ƙare, kuma a kanta uwarku take, a kanta Maryam take. Usman yana da nasa kafilin, amma Maryam, autarmu, a Jidda aka haife ta, Sudan a hoto ta san ta, Hausar ma sai ta gauraya da Larabci take fita. In Majid ya ce ba ya bukatata, wa zai ɗauki kafalar tsoho mai shekara sittin da ɗoriya wanda ba ya gani? Ga shi na ji shi sau biyu a waya yana maganar wani saurayi ɗan Indiya mai hannu da ido. Tsoro na ji, tsoro na gaske, irin wanda ke hana tuwo wucewa. Ranar da motar kaya ta zo, Maryam ta tsaya a ƙofar gidan da aka haife ta tana kallon jan fentin.

"Baba, ya'ani halas? Ba za mu dawo ba?"

"Halas, 'yata, shi ke nan. Amma muna Jidda. Wannan na yi miki alkawari."

Alkawarin da na yi ke nan, ni da ban ga lambar motar da ta kwashe mana kaya ba.

Bayan ƙaurarmu da kamar mako uku, Majid ya shigo shago da kwalaye uku yana murmushi har kunne. Wani kamfani na ƙasar waje ya aiko da samfurin sababbin kawunan jirgi masu tururi, masu fitar da hayaƙi da sauti, yana neman wanda zai zama wakilinsa a Jidda. Majid zai zaɓi ɗaya ya yi odarsa da yawa, abin da bai taɓa yi ba. Kuma ya gayyato babban mai sayenmu, wani injiniya mai ritaya da kowa ke kira Muhandis, wanda duk abin da ya yaba sauran masu tara jirage binsa suke yi. Majid ya ce ranar Alhamis bayan la'asar zan duba su a gaban Muhandis in faɗi wanda ya fi. Na nemi ya bar mini su in kwana biyu da su, ya ce a'a, Muhandis yana son a buɗe kwali a gabansa. Na koma gida na faɗa wa Zainabu, ta ce ga dama ta samu, in faɗi gaskiya kafin Alhamis. Na yi mata tsawa, abin da ban saba ba. Ta tashi ta goge mini farar jallabiyata, ta rataye ta a inda hannuna zai same ta ba sai na nema ba.

Alhamis ta zo. Aka shimfiɗa layin dogo zagaye a kan babban tebur, aka kawo shayi, Muhandis ya zauna gabana yana ƙamshin turaren oud. Da Larabci muka yi duk maganar ranar, amma da Hausa zan ba ku. Na manna madubi na karɓi na farko, ja ne, launin kam ina gani. Da ɗagawa na san labarinsa: ba nauyi, jikin tukunya ɗumi, ƙusoshin sun yi ƙato kamar ƙurajen zafi, sandunan riƙewa manne da jiki. Na ce wannan roba ce aka yi wa kwalliya, a mayar da shi kwali. Muhandis ya yi dariya ya ce shi ma haka ya gani. Na biyu baƙi ne, ba ado, amma da nauyinsa, sanyin ƙarfe ya ratsa mini yatsu, ƙusoshi ƙanana a jere daidai, farcena ya bi su bai yi tuntuɓe ba. Na uku kore ne mai ɗamarar tagulla, kuma tun kafin a fito da shi na ji numfashin Majid ya canza. Kai, an yi aiki a jikin jirgin nan. Bututu siriri kamar gashi, ƙofar tukunya tana buɗewa, har sarƙa ta gaske tsakanin kai da taragon kwal. Yatsuna ba su samu abin kushewa ba. Ina cikin yabonsa sai Muhandis ya matso.

"Ya Amm Harun, farantin nan na gefe, rubutun ya fita kuwa? Ni idona ya gaji, karanta mana."

Na kai madubi kan farantin. Wani ɗan haske ne rawaya, ba harafi ba lamba. Gumi ya tsatso mini a ƙeya duk da sanyin na'ura. Na yi gyaran murya, na goge madubi da gefen riga, na ce kafin mu shiga karatu a ɗora su a layi mu ga tafiyarsu, don jirgi ba hoto ba ne. Dabarar jan lokaci ce kawai, ban da wani shiri a raina. Majid ya ce yalla, ya ɗora baƙin ya murɗa a hankali. Ya taso yana furzar da ɗan hayaƙi mai ƙamshin mai, sautin ya cika shagon, sai na ji tsigar jikina ta tashi, don shekara arba'in rabona da wannan murya. Na karkata kunne ina saurare. Aka sauke shi aka ɗora koren. Muryarsa ta fi kauri, ta fi daɗi, har da ƙarar shebur da kukan usur, Muhandis yana ta ma sha Allah. Amma wani abu ya tsaya mini a kunne. Na ce a rage gudu, a ƙara ragewa. Na sunkuya na kai farcena kusa da ƙafar jirgin ina binsa, yadda kan sandar da ke juya ƙafa zai ɗan taɓa ni duk zagaye ɗaya. Ya taɓa ni, na ƙirga. Ya sake taɓa ni, na sake ƙirgawa. Ban san lokacin da Hausa ta kuɓuce mini ba.

"Da-ƙyar. Da-ƙyar. Da-ƙyar. Kai, wannan ai ba ya sha!"

Majid ya ce, "Me kake faɗa, ya Amm?"

Na miƙe na yi musu bayani. Silinda biyu ke jikin jirgin nan, ɗaya dama ɗaya hagu. Kowace tana tura sanda gaba ta furzar da tururi, ta jawo ta baya ta sake furzarwa. Biyu sau biyu huɗu. Numfashi huɗu ƙafa ta juya sau ɗaya, haka kowane jirgi mai silinda biyu yake tun da aka fara ƙera su. Wannan kuwa biyu yake yi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da jirgin gaske zai ji ɗingishinsa ko bai san sunan ciwon ba. Na gaya musu abin da mahaifina ya koya mini a kan katanga, na fassara musu kalmomin huɗu. Majid ya ce sauti ai sauti ne, wa zai zauna ƙirga numfashi. Muhandis ya ajiye kofin shayinsa. Ya fito da wayarsa ya nemo bidiyon irin jirgin na gaske, ya rage masa gudu, na ji yana ƙwanƙwasa tebur da zobensa: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya ce a sake ɗora baƙin, ya ƙwanƙwasa, huɗu cif. Ya ce a mayar da koren, zoben ya buga sau biyu ya tsaya. Sai ya fashe da dariya har da tari, ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce yana da jirage sun fi ɗari a gida kuma yau zai koma ya ƙirga numfashin kowanne. Ya ce wa Majid baƙin za a kawo, koren kuwa a rubuta wa kamfani su gyara. Ya ce in sake faɗa masa kalmomin, ya fita yana maimaita "da gyar na sha" da harshensa na Balarabe. Maganar farantin ba wanda ya sake tayar da ita.

Hausawa suna cewa gani ya kori ji. Ranar nan dai ji ne ya kori gani, kuma a nan labarin Usman yake ƙarewa, da ni a tsaye ana tafa mini. Ga abin da bai sani ba. Da Muhandis ya tafi, Majid ya zauna a kan tebur yana huci kamar wanda ya sauke kaya. Ya ce saura kaɗan ya cika shagon mahaifinsa da guragun jirage. Ya ce in kawo takarduna ranar Lahadi a fara maganar iƙama, zancen ɗan Indiya kuma ya mutu, don idon da ya ga abin da na gani yau ba a canza shi. Kun ji, ido ya ce. Na samu abin da nake nema, ba abin da ya rage sai in ce na gode in ɗauki sandata. Na kai har bakin ƙofa. Baƙin jirgin yana nan yana zagaya tebur ba wanda ya kashe shi, yana ta faɗin maganar mahaifina cikakkiya, ni kuwa rabinta nake shirin fita da shi. Mahaifina bai taɓa barin jirgi mara lafiya ya fita tasha don a yabe shi ba. Na tuna yaron nan da na goya zai ci gaba da aika wa mutane kaya da sunan na duba. Na juyo.

"Majid, ban ga komai ba yau. Da kunne na ji. Idona ya yi yana, wata biyar ke nan. Farantin da ya ce in karanta, ko harafi ɗaya ban gani ba."

Ya sauko daga kan tebur. Da ya buɗe baki, muryarsa ta yi sanyi, ta Amm Siraj sak in ransa ya ɓaci.

"Wata biyar. To jirage biyun nan da aka dawo mana da su, mai karkatacciyar lamba da mai zubabben fenti, da ka ce a hanya suka lalace?"

"Daga hannuna suka fita haka. Ban gani ba."

"Na yi wa masu kai kaya rashin mutunci a kan maganarka, ya Amm. Na daina aiki da su."

"Na sani. Ina wurin."

Ya kashe jirgin, ya ce in tafi gida zai neme ni. Wannan ita ce maganar da ta fi yi mini nauyi a duk rubutun nan: na bar laifina ya faɗa kan mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, don in tsira da bencina. Daga baya na je da ƙafata na nemi gafararsu, babbansu ya yafe, amma bai ba ni hannu ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Kwana huɗu na yi a gida. Na ce muku mura nake yi, Maryam har da dafa mini citta. Zainabu ba ta ce ai na gaya maka ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi mini zafi da a ce ta faɗa. Ranar farko da na ba ta labari ta numfasa ta ce alhamdu lillahi, yanzu ko Sudan ɗin ce za mu tafi da fuskarmu. Ni kuwa duk motsin waya sai gabana ya faɗi. Ina zaune ina sauraron Maryam tana jera littattafanta a sabon ɗaki tana 'yar waƙa, ina tunanin da wane baki zan ce mata ta sake ɗaure su. Ranar Litinin da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Majid ne da kansa, wanda bai taɓa taka gidana ba tun yana yaro. Ya ƙi zama, ya ƙi shayi. Ya ce ya je ya gaya wa mahaifinsa komai a kan gadonsa, tsohon ya saurara ya ce masa: wanda ya riga ya tsallake ya dawo da kansa ya faɗa maka, shi za ka kora? Majid ya ce ɗan Indiya zai zo, benci da madubi nasa ne daga yau, wannan ba ja da baya. Ni kuma ba jirgin da zai fita shago sai na ji tafiyarsa. Albashin ba zai kai na da ba. Sannan ya ajiye wata takarda a kan tabarma.

"Asibitin ido, ranar Laraba. Moya beda ce kawai, ya Amm, yanar ido, rabin sa'a ake cire ta. Wata biyar kana gai da inuwa saboda aikin rabin sa'a! Kawo iƙamar, yalla, ina sauri."

Da ya fita na zauna a ƙasa. Wani sanyi ya sauko mini daga ƙeya har tafin ƙafa, na ji yunwa ta taso mini irin wadda na manta da ita. Na ce wa Zainabu ko akwai sauran tuwon jiya. Ta kawo, na cinye, na nemi ƙari, tana tsaye tana dariya tana share ido da bakin mayafi. Maryam ta leƙo ta ce murar Baba ta warke ke nan. Ba a yi mako biyu ba saƙo ya shigo waya, ita ta karanta mini, an sabunta iƙamar. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan shekarar da ta biyo baya kun san shi, ba sai na faɗa ba. Duk lokacin da na tuna inda za mu kasance da an sallame ni, sai in tashi in yi nafila.

Bencin kam na yi kewarsa, har yau in na wuce na ga wani a kai sai wani abu ya ɗan soke ni. Shekara talatin ba wasa ba. Laraba ba a yi aikin ba, awo aka yi ta yi, sai bayan wata biyu aka cire yanar, shi ya sa kuka ɗauka ciwon daga baya ya zo, ni kuma na bar ku a haka. Ranar da aka buɗe mini bandeji na fara ganin fuskar uwarku, na ce mata ashe ta tsufa, ta ce in je in dubi madubi tukuna. Washegari na tafi Balad. Majid ya ajiye baƙin jirgin nan na samfur a taga, bai sayar ba. Na ɗauke shi na kai shi bakin ƙofa inda rana take, na karanta lambarsa da farantinsa harafi bayan harafi, don kaina. Sannan na leƙa ɗakin direba, inda yatsana bai taɓa iya shiga ba. Ashe akwai mutum a ciki. Ɗan mutum ne bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ya sunkuya gaban ƙofar wuta da shebur a hannu, an shafa masa baƙin hayaƙi a riga da kumatu. Yana nan tun ranar Alhamis ɗin, yana nan lokacin da na kai bakin ƙofa na juyo.

Na ɗora jirgin a layi na murɗa a hankali, na ja kujera na zauna. Ɗan Indiyan ya ɗago daga bencina ya tambaye ni ko ya kashe sautin, kada ya dame ni. Na ce ya bar shi. Na ƙirga tare da shi har huɗu, ni da atashjin.